Murya Ɗaya a Bakin Aiki: Maganin Gajiyar da Barci Ba Ya Korewa

Gaisuwa ta musamman ga waɗanda shirin nan ya riska a bakin aiki: malaman jinya da ke zagaya gadajen marasa lafiya, malaman makaranta da ke duba takardun yara, direbobi a kan hanya, masu gadi a bakin ƙofa, da ma'aikatan ofis da har yanzu ba su tashi ba. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a cikin guminku.

Batun da na zo da shi yau shi ne waƙa a wurin aiki. Ina nufin ma'aikatan wuri ɗaya su ware ɗan lokaci a mako, su taru, babba da ƙarami, su rera waƙa da bakinsu, don su sauke gajiya su sami nishaɗi. Na san kafin in rufe baki wani ya riga ya ce: ana ta kai, wa yake ta kaya? Albashi ba ya kai tsakiyar wata, kuɗin mota ya ninka, sai a zo mana da zancen waƙa? Tambaya ce ta gaskiya, kuma ba zan kauce mata ba. Amma ku ba ni aron kunnuwanku tukuna, mu fara duba ciwon kafin mu zo kan magani.

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta jiki, wadda manomi ko lebura ke komawa gida da ita. Ya yi wanka, ya ci tuwo, ya miƙe a tabarma, gari na wayewa ya tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya kore ta. Mutum ya kwana ya tashi, da ya tuna yau akwai aiki sai gabansa ya faɗi. Ya isa ofis ba ya son kowa ya ce masa uffan. Mai haƙuri a da ya koma mai saurin hasala. Ya dawo gida, yaro ya sheƙo da gudu zai rungume shi, sai ya daka masa tsawa, daga baya abin ya dame shi. Aikin da yake alfahari da shi shekarun baya, yanzu yana yi ne kawai don kada a ce bai yi ba.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan hali a kundinta, ta ce matsala ce da ke tasowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ta ba shi alamomi uku: kuzari ya ƙare, aikin ya fita daga ran mutum, ƙwazo ya ragu. A 2022 kuma, ita da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ce duk shekara ana asarar ranakun aiki kimanin biliyan 12 saboda ciwon damuwa da fargaba, abin da ke jawo wa duniya asarar kusan dala tiriliyan 1. Bayan kowace rana ɗaya daga cikin waɗannan ranaku akwai mutum mai suna, mai iyali, wanda ya kasa tashi ya fita.

To mene ne haɗin wannan da waƙa? Bari in kai ku Landan.

A kudu maso gabashin birnin akwai wani asibitin gwamnati a unguwar Lewisham. A shekarar 2012 gidan talabijin na BBC ya tura wani malamin waƙa mai suna Gareth Malone wuraren aiki huɗu: wannan asibiti, da gidan waya na Royal Mail a garin Bristol, da filin jirgin saman Manchester, da kamfanin ruwa na Severn Trent. Aikinsa shi ne ya kafa ƙungiyar waƙa daga cikin ma'aikatan kowane wuri, ya horar da su, daga ƙarshe su fafata a gasa. Ma'aikatan ruwa ne suka ci gasar. Na asibiti suka sha kaye, aka naɗe kayan ɗaukar hoto, kowa ya kama gabansa.

Sai dai ma'aikatan asibitin nan ba su watse ba. Sun ɗanɗana wani abu da ba sa son rabuwa da shi, suka ci gaba da haɗuwa suna atisaye bayan an tashi aiki. A watan Disamba na 2015 wata waƙa tasu ta shiga tseren wadda za ta fi kowace kasuwa a makon Kirsimeti, matsayin da mutanen Birtaniya ke ɗauka da girma ƙwarai. Wanda suke karawa da shi kuwa shi ne Justin Bieber, mawaƙin Kanada da duniya ta sani. Da ya ji labarinsu, sai ya roƙi masoyansa a Twitter da su sayi waƙar ma'aikatan asibitin. Su suka zo na ɗaya, kuɗin da aka samu kuma ya tafi ga ƙungiyoyin agaji, ciki har da masu tallafa wa masu jinyar 'yan'uwansu a gida da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. A 2020, shekarar da korona ta gallabi asibitocin ƙasar, su aka gayyata suka yi waƙa a jawabin Kirsimeti na Sarauniya Elizabeth.

Wannan ɗaukaka ta zo ne daga baya, kuma ba don ita na kawo labarin ba. Ina so ku dubi su wa ke tsaye a sahun. Akwai likita, akwai nas, akwai mai gashin ƙashi da motsa jiki, akwai mai tura marasa lafiya a keke, akwai ma'aikacin ofis. A cikin asibiti kowa ya san matakinsa, wani yana ba da umurni wani yana karɓa, kuma za a iya shekara ana wuce juna a baranda ba a san sunan juna ba. A wajen waƙa kuwa da murya ake jera mutane: masu siririyar murya a nan, masu kakkaura a can. Babban likita na iya samun kansa kafaɗa da kafaɗa da mai tura keke, kuma idan mai tura keken ya fi shi kunnen kama karin waƙa, dole shi likitan ya kasa kunne ya bi shi. Washegari idan suka haɗu a ɗakin marasa lafiya, gaisuwarsu ta sake.

Masana sun bi diddigin abin da ke faruwa a jikin mutum idan yana waƙa cikin jama'a, kuma farkon abin shi ne numfashi. Wanda ke cikin damuwa, numfashinsa gajere ne, a saman ƙirji yake tsayawa. Mai waƙa kuwa tilas ya ja iska ta cika masa ciki, sannan ya sake ta sannu a hankali har ya kai ƙarshen ɗango. Duk lokacin da mutum ya fitar da iska a hankali, bugun zuciyarsa kan ɗan lafa. A 2013 wasu masu bincike a birnin Gothenburg na ƙasar Suwidin, ƙarƙashin Björn Vickhoff, suka sa wa wasu matasa na'urar auna bugun zuciya suna waƙa tare. Suka ga cewa da yake suna jan numfashi a wuri ɗaya su sake a wuri ɗaya, bugun zukatansu ya riƙa hawa da sauka a tare.

Abu na biyu shi ne sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa idan mutum na cikin matsi. A 2016 Daisy Fancourt da abokan aikinta suka wallafa binciken da suka yi a yankin Wales, a kan mutum kusan 200 da ke cikin ƙungiyoyin waƙa na masu fama da ciwon daji da masu jinyarsu. An ɗauki yawunsu kafin atisaye da bayansa. Bayan waƙar kimanin awa ɗaya, kotisol ya ragu, kuma su da kansu suka ce ransu ya yi sanyi. Ku lura da irin mutanen: masu ɗauke da nauyin da ya fi na kowane ofis.

Abu na uku shi ne sabo. A Jami'ar Oksfod, a 2015, Eiluned Pearce da Jacques Launay da Robin Dunbar suka bibiyi manyan mutane da suka shiga azuzuwan koyo iri-iri har wata 7: wasu waƙa, wasu rubutu, wasu sana'ar hannu. A ƙarshe duka azuzuwan sun shaƙu da juna, amma 'yan ajin waƙa sun riga kowa, tun a watan farko sun saki jiki. Wato waƙa ba ita kaɗai ke ƙulla zumunci ba, sai dai tana gajarta hanya. A wurin aiki, inda ake yawan sauyin ma'aikata, sababbi na zuwa tsofaffi na tafiya, wannan saurin abu ne mai daraja.

Yawancin waɗannan bincike a kan mutane kaɗan aka yi su, kuma na ɗan lokaci, don haka ba zan ce muku waƙa na warkar da cuta ba. Abin da suka nuna ya tsaya a nan: tana kwantar da jiki, tana faranta rai, tana kusanta mutane. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Jama'a, duk abin da na faɗa, akwai sabo a cikinsa ga Bahaushe? Kakanninmu ba su auna yawun kowa ba, amma sun san aiki da waƙa tare suke tafiya. Idan manomi ya kira gayya, makaɗan noma na biye da samari a bayan kunya, ganga na tashi, ana kirari, ana zuga, gonar da za ta ci mutum ɗaya mako sai ta ƙare kafin la'asar. Mata uku a turmi ɗaya suna lugude, taɓare na sauka bi da bi, waƙa ce ke hana su karo da juna. Mai niƙa a kan dutse tana rera tata, a ciki take amayar da abin da ke cin ranta, na kewar gida ko na zaman kishi, ta tashi da sauƙin zuciya. Ranar daɓen ɗakin amarya matan unguwa kan taru da madaɓai, waƙa na tafiya ƙasa na kwanciya. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa. Kusan kowace sana'a ta gado tana da sautinta.

Ba mu kaɗai ba ne. A Afirka ta Kudu, Zulawa 'yan ci-rani da suka bar iyalansu suka tare a gidajen kwanan ma'aikata a birane irin su Durban da Johannesburg, su suka raya salon waƙar da ake kira isicathamiya, wadda maza ke rerawa babu kayan kiɗa, suna gasa ranar Asabar da dare. Daga nan ƙungiyar Ladysmith Black Mambazo ta Joseph Shabalala ta fito har ta zaga duniya. A kwarurrukan Wales, masu haƙar kwal da ke wuni a ƙarƙashin ƙasa su ne ƙashin bayan ƙungiyoyin waƙar maza da yankin ya yi suna da su. A Gana kuwa, a 1975, wani mai nazarin kiɗa mai suna James Koetting ya naɗi sautin ma'aikatan gidan waya na Jami'ar Gana suna buga wa wasiƙu hatimi. Aiki ne mai gundura, a ɗauko wasiƙa, a dangwala tawada, a buga, a ajiye. Sai suka mayar da bugun hatimin kiɗa, wani na kaɗa almakashi, ana yin fito da baki a kai. Har yau ana kunna wannan sauti ga ɗaliban kiɗa a jami'o'i.

Ga musulmi ma akwai abin tunawa a tarihi. Ya zo a ingantattun hadisai cewa a shekara ta 5 bayan Hijira, lokacin da ake haƙa ramin Khandaƙ a Madina cikin sanyi da yunwa, sahabbai suna haƙa suna rera baitoci, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ɗaukar ƙasa tare da su yana amsa musu. Mutanen da suka fi kowa sanin nauyin aiki sun sauƙaƙa shi da haɗa murya.

To me ya same mu? Aikin zamani ya zo da tebur da kujera da fayil da kwamfuta, ya zo da shiru. Kowa da ɗakinsa, kowa da matakin albashinsa, kowa da wayarsa. Yau muna sauraron waƙa fiye da kowane zamani, a mota, a shago, a waya, amma mun daina rerawa. Mun bar wa mawaƙa aikin, mun koma 'yan kallo. Ma'aikacin yau na ɗauke da matsin da kakansa bai sani ba, kuma an raba shi da hanyar da kakan ke bi ya sauke nasa. Tukunyar da aka rufe ruf a kan wuta, in ba a ɗaga murfinta ba, da kanta za ta yi bori, kuma sau da yawa a gida take yin borin, a kan mata da yara waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Yanzu bari in dawo kan masu ja da wannan magana, domin suna da hujjoji, kuma sun cancanci amsa.

Na farko shi ne mai cewa: ni da girmana, da furfurata, in tsaya gaban yarana ina waƙa? Sai ka ce maroƙi? Malam, na fahimce ka. A al'adarmu an daɗe ana haɗa waƙa da roƙo, ana ganin sana'a ce ta wasu gidaje. Amma waƙar da ake yi don a samu kyauta daban, wadda mutum ke yi wa kansa daban. Mai lugude ba roƙo take ba. Kuma manyan malamai da 'yan boko na ƙasar nan sun rubuta waƙa don a rera: Nana Asma'u ta ilmantar da mata ta hanyar waƙoƙin da jagororin mata, wato su jaji, ke kai wa ƙauyuka, Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu da Aliyu Namangi duk da waƙa suka farkar da al'umma. Ba wanda ya ce girmansu ya zube. Kai ma da ka yi makarantar Islamiyya ko firamare, da waƙa ka haddace abubuwa da yawa, kuma har yau suna kanka.

Na biyu shi ne mai tambaya ta fuskar addini: kiɗa fa? Cakuɗuwar maza da mata fa? Wannan damuwa ce da ya wajaba a girmama. Abin daɗin shi ne, amfanin da muka lissafa daga murya da numfashi da haɗuwa yake zuwa, ba sai da ganga ko molo ba. Ana iya yi da baki zalla. Inda jama'ar wurin suka fi natsuwa da a raba, mata su yi nasu rukunin, maza su yi nasu. A ma'aikatar da ta haɗa musulmi da kirista, a zaɓi waƙoƙin da kowa zai rera da zuciya ɗaya: na kishin ƙasa, na darajar aiki, na faɗakarwa kan tsafta da gaskiya da zaman lafiya. 'Yan'uwanmu kirista sun daɗe da ƙwarewa wajen haɗa muryoyi a coci, kuma duk wanda ya taɓa jin Zumuntar Mata suna waƙa ya san haka. Musulmi kuma na da gogewar ƙasidu da waƙoƙin Islamiyya. Idan aka kawo ƙwarewar biyu wuri ɗaya a kan waƙar da ba ta taɓa aƙidar kowa ba, an sami abin da tarukan zaman lafiya da yawa ke nema ba su samu ba. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba, a ƙyale shi, kada a yi masa kallon bare.

Na uku shi ne wanda na yi wa alkawari tun farko, mai cewa a biya shi haƙƙinsa tukuna. Ɗan'uwa, gaskiyarka. Waƙa ba ta biyan kuɗin haya, ba ta sayen mudun shinkafa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 rayuwa ta yi wa ma'aikacin Najeriya tsanani, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 kowa ya san inda yake tsayawa a kasuwa. Shugaban da ya riƙe albashin mutane wata da watanni, ko ya ɗora wa nas ɗaya aikin mutum uku, sannan ya ce a zo a yi waƙa a manta, ya ci amana, kuma ma'aikata na da haƙƙin su ƙi. Ƙungiyar waƙa ba ta maye gurbin ƙungiyar ƙwadago. Sai dai ina roƙonka ka dubi abin ta wannan gefen: kafin haƙƙin ya zo, kai ne ke kwana da hawan jini, kai ne iyalinka ke tsoron dawowarka. Rabin awar nan taka ce, ba kyautar oga ba ce. Kuma mutanen da suka saba haɗa murya sun fi iya tsayawa tare ranar da za a nemi haƙƙi. Masu haƙar kwal na Wales sun yi suna a waƙa, sun kuma yi suna a gwagwarmayar ƙwadago.

Akwai wani haɗari kuma da ba kowa zai ambata ba, amma a wurinmu shi na fi tsoro. Shi ne a kafa ƙungiyar, ta fara daɗi, sai a mayar da ita 'yan amshin manya. Duk ranar da babban baƙo zai zo a ɗinka musu anko, a jera su cikin rana, su yi ta wasa shugaba ko mai mulki. Ranar da haka ta faru, abin ya tashi daga hutu ya koma ƙarin aiki, har da ƙasƙanci a kai. Ƙungiyar ta ma'aikata ce, su za su zaɓi abin da za su rera da inda za su rera shi.

Sannan in ja kunne a kan abu biyu na lafiya. Idan damuwar mutum ta kai ba ya barci, ba ya cin abinci, yana jin rayuwa ta ishe shi, wannan ya wuce waƙa, likita zai gani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne. Ƙungiyar waƙa na iya taimakawa ta wata hanya: abokan da ke ganinka duk mako su ne za su fara lura ka sauya, su tambaye ka lafiya. Na biyu, waƙa a rufaffen ɗaki na yaɗa cututtukan numfashi. A watan Maris na 2020, a jihar Washington ta Amurka, mutum 61 suka halarci atisayen waƙa, fiye da 50 suka kamu da korona, biyu suka rasu. Don haka a buɗe tagogi ko a fita inuwar bishiya, mai tari ko mura kuma ya huta a wannan makon.

To yaya za a fara? Ba a bukatar kasafin kuɗi, ba a bukatar kwamiti mai shugaba da ma'aji. Mutum biyar sun isa. A nemi izinin wuri, ɗakin taro ko bayan ofis. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya da ba ya cin lokacin salla ko na masu zuwa neman a yi musu aiki, rabin awa ya wadatar. A wuraren da ake aikin karɓa-karɓa, kamar asibiti da masana'anta, a riƙa juya lokacin don masu kwana su samu shiga.

Kada a yi gwajin murya. Da zarar an ce sai mai zaƙin murya, waɗanda suka fi bukatar abin su ne za su ja da baya. Mu kuma Allah ya hore mana tsari mai sauƙi: jagora ya ba da waƙa, saura su amsa. Wanda bai san baiti ko ɗaya ba zai iya kama amshi a zama ɗaya. A fara da jan numfashi a hankali na ɗan lokaci, a saki kafaɗu, sannan a shiga waƙar da kowa ya sani tun yarinta. Daga baya, idan akwai mai baiwar tsara baiti a cikinku, kuma da wuya a rasa, ya tsara muku taku, wadda ta ambaci aikinku da wahalarsa da abin alfaharinsa.

A gayyaci kowa: masinja, direba, mai shara, mai gadi, ma'aikacin wucin gadi, ɗan bautar ƙasa. Jagorancin waƙa a ba wanda ya fi iyawa, ko da shi ne mafi ƙanƙanta a ma'aikatar. Ranka ya daɗe shugaban wuri, idan za ka zo, ka zo ka tsaya a sahu kamar kowa, ka bar kujerarka a ofis. Kada a rubuta sunan wanda ya zo da wanda bai zo ba, kada a ɗauki hoton kowa a watsa ba da yardarsa ba. Kuma kada a damu idan makon farko muryoyi sun watse, an yi ta dariya. Dariyar ma tana cikin abin da aka zo nema.

Masu sauraro, yawancinmu muna shafe mafi kyawun sa'o'in yininmu a wurin aiki, tare da mutanen da ba mu muka zaɓe su ba, shekara ashirin, shekara talatin, har ranar ritaya. Bai kamata duk wannan zama ya ƙare a gaisuwar baranda da takardar tambaya ba. Ma'aikaci mutum ne, yana da rai, ran kuma na bukatar abin da zai faranta shi a inda yake wahala. Ina kira ga shugabannin ma'aikatu da asibitoci da makarantu da kamfanoni: ku biya haƙƙi a kan kari, ku rage wa mutane nauyin da ya fi ƙarfinsu, sannan ku ba su ɗaki da rabin awa. Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago su ɗauki walwalar zuciyar mambobinsu da muhimmanci kamar yadda suke ɗaukar ƙarin girma da alawus. Kai kuma ma'aikaci, ke kuma ma'aikaciya, kada ku jira takarda daga sama. A cikin makon nan ku sami abokan aiki huɗu, ku tsayar da rana, ku fara.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sauƙaƙa wa kowane mai nema, ya sa mu gama aiki da mutunci.